RA'AYINMU: Tabaran kamar-gaske da makomar wasan bidiyo a Matameye

Shekara goma da ƴan kai ke nan manyan kamfanonin duniya suna shelar cewa wasan bidiyo irin wanda muka sani ya kusa zama tsohon yayi. A faɗarsu, nan gaba kaɗan yaro ba zai ƙara zama gaban talabijin da abin riƙo a hannu ba. Wai zai ɗaura wani irin tabarau a fuska, ya tsinci kansa a tsakiyar filin wasan, ya waiga dama ya ga abokin gaba, ya ɗaga kai ya ga sama. Faransawa suna ce wa wannan fasaha réalité virtuelle, ƴan kasuwa suna taƙaita sunanta da haruffa biyu, VR. Mu a wannan shafi za mu kira na'urar da sunan tabaran kamar-gaske, don abin da take yi ke nan: tana nuna wa ido abin da babu shi tamkar yana nan.

Wannan shela ta iso wayoyin samarinmu. Matameye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, tana kan hanyar da ta taso daga Takieta ta nufi iyakar Ɗan Barto, daga can sai Daura da Kano. Duk hajar da ta sauka a kasuwannin Kano ba ta daɗewa kafin ta biyo wannan hanya. Saboda haka tambayar ta shafe mu. Ta shafi saurayin da ya tara ɗan jari yana tunanin abin da zai saya, ta shafi uban da ɗansa zai nemi kuɗin gwaji, ta kuma shafi ma'aikacin hukuma wanda wata rana za a ajiye masa takardar neman sayen irin wannan kaya da dukiyar jama'a. Ra'ayinmu shi ne: wannan tabarau ba shi ne makomar wasan bidiyo a garuruwanmu ba, a ƙalla cikin shekarun da ke gabanmu. Ga dalilanmu.

Da farko ya kamata a san yadda abin yake aiki. A cikin tabaran akwai ƙaramin allo irin na wayar salula, gabansa kuma akwai gilashi biyu masu ƙara girma, ɗaya ga kowane ido. Ana nuna wa idon dama hoto, a nuna wa na hagu hoto mai ɗan bambanci da shi, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga zurfi da nisa, kamar yadda take yi kullum. Akwai kuma ƙananan na'urori da ke auna motsin kai. In mutum ya juya, hoton ya juya tare da shi nan take. Don kada ido ya gane dabarar, dole a sabunta hoton sau 72 zuwa 120 cikin daƙiƙa guda. In aka samu jinkiri, ko kuwa ido ya ga ana gudu alhali jiki yana tsaye wuri ɗaya, sai a samu saɓani tsakanin ido da wani sashe na cikin kunne wanda ke kula da daidaiton jiki. Wannan saɓani ne ke kawo jiri da tashin zuciya, irin wanda wasu ke ji cikin mota. Har yau masu ƙera tabaran ba su gama maganin wannan matsala ba.

Abin kuma ba sabo ba ne kamar yadda masu talla ke nunawa. Tun 1968 wani masani a Amurka, Ivan Sutherland, ya haɗa irinsa na farko, mai nauyin da sai an rataye shi daga rufin ɗaki. A 1995 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Virtual Boy, mutane suka yi ta kukan ciwon kai da na ido, kafin shekara ta kewayo aka daina ƙera shi, ko dubu 800 ba a sayar ba. Maganar ta kwanta har 2012, lokacin da wani saurayi, Palmer Luckey, ya nemi gudummawar jama'a don ƙera tabaran Oculus. A 2014 Facebook ya sayi kamfanin nasa a kan dalar Amurka wajen miliyar 2. A 2016 tabarau uku suka shiga kasuwa, Oculus Rift da HTC Vive da PlayStation VR, aka ce to, zamanin ya zo.

Sai mu duba abin da ƙididdiga ta nuna. A farkon 2020 kamfanin Sony ya ba da sanarwar sayar da PlayStation VR miliyan 5. A daidai lokacin, akwatin PlayStation 4 da ake haɗa tabaran da shi ya wuce miliyan 100. Ke nan cikin mutum ashirin da suka mallaki akwatin, ɗaya ne kawai ya ƙara da tabarau, kuma wannan a ƙasashen da ke da kuɗi da wutar kuran ba yankewa. Kamfanin Facebook ya yi imani da abin har ya sauya sunansa zuwa Meta a 2021. Sashensa mai ƙera waɗannan tabarau da dangoginsu ya yi asarar dalar Amurka fiye da miliyar 57 daga 2021 zuwa 2024. Asarar 2024 kaɗai ta kai miliyar 17 da ɗoriya, kusan kwatankwacin dukan arzikin da ƙasarmu Nijar ke samarwa cikin shekara. Google ma ya gwada hanya mai araha a 2014 da wani akwatin kwali da ake zura waya a ciki, daga baya ya watsar da shirin. A halin da ake ciki, kusan rabin kuɗin da ake samu a harkar wasan bidiyo a duniya daga wayar salula yake fitowa.

Ba mu musun cewa an yi wasanni masu ban sha'awa da wannan fasaha. Beat Saber na 2018 da Half-Life: Alyx na 2020 sun samu yabon waɗanda suka gwada su. Amma wasa biyu ko goma masu kyau ba su isa su sauya al'adar miliyoyin mutane ba. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wannan Laraba ta daɗe ƙwarai.

Yanzu mu dawo gida, mu auna abin da ma'aunin Matameye.

Na ɗaya, kuɗi. Tabaran Quest 3S, wanda ke cikin mafi araha, ya fito a 2024 a kan dalar Amurka 299, wato wajen jika 180 na sefa, kafin a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu tun 2024 jika 42 ne a wata. Ma'aikacin da ke kan wannan mataki sai ya tara albashin wata huɗu cur, bai ci ba bai sha ba, kuma bai kai ba tukuna. PlayStation VR2 ya fito a 2023 a kan dala 550, a lokacin ya fi akwatin da ake haɗa shi da shi tsada. Na kamfanin Apple kuwa, wanda ya fito a 2024, dala 3,499 ne, fiye da sefa miliyan 2. Bayan sayen na'urar akwai sayen wasannin. Yawancinsu ba a samun su a faifai a kasuwa, sai ta intanet, kuma galibi da katin banki ake biya. Mutum nawa ne a karkarar Kance ke da irin wannan kati?

Na biyu, wuta. Batirin tabaran yana ƙarewa cikin awa biyu zuwa uku, cika shi kuma yana cin kusan haka. A ƙasarmu wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar kuran, a ƙauyuka kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Jihohin Damagaram da Maraɗi sun daɗe suna dogara da layin da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa. Kowa yana tune da abin da ya faru lokacin da aka yanke wutar Najeriya a watan Agusta na 2023, ba ta dawo ba sai watan Maris na 2024. Allunan hasken rana sun rage wahala, amma wanda ya sa su a gida fitila da fanka da cajin waya yake fara tunani.

Na uku, yanayin ƙasa. Masu ƙera tabaran da kansu suna gargaɗin cewa in hasken rana ya ratsa gilashin, yana iya ƙona allon ciki cikin ɗan lokaci, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashin ƙara girma. A watannin Afirilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a nan. Da hunturu ƙura tana shiga ko'ina, tana karce gilashi, tana toshe kafofin iska. Na'urar tana da nauyin rabin kilo, manne da goshi da kumatu cikin zufa. In mutum ashirin za su karɓa-karɓa da ita a yini guda, sai a tuna da yadda ciwon ido ke yaɗuwa tsakanin yara. In kuma ta lalace, wa zai gyara?

Duk waɗannan dalilai suna iya sauyawa da zamani. Farashi yana sauka, wuta tana iya wadata. Akwai dalili na huɗu wanda ya fi su zurfi, shi ne ginshiƙin maganarmu: a ƙasar Hausa wasa taro ne.

Ku dubi dara. Mutum biyu ne ke jera ƴaƴa a ƙasa, amma goma ne ke kewaye da su, wannan yana ba da shawara, wancan yana zolaya, wani yana jiran wanda za a ci ya tashi ya zauna. Ku dubi langa a dandali da farin wata. Ku dubi kokawa, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975: ƴan kokawa biyu ne a fili, amma makaɗa da maroƙa da dubban ƴan kallo su ne ke mai da ita kokawa. Wasan bidiyo da ya zo garuruwanmu wannan sawu ya bi. A rumfar da samari ke kira gidan gem, talabijin ɗaya ce da akwati ɗaya, mutum biyu suna riƙe da manet, ɗaya ya ɗauki Barcelona ɗaya ya ɗauki Real Madrid, sauran suna tsaye a baya suna ihu. Wanda ba shi da ko dala yana samun rabonsa na kallo da gardama. Mai rumfar kuma yana karɓar kuɗin mutum biyu a kowane zagaye, tun hantsi har dare, muddin injin kuran yana ruri.

Tabaran kamar-gaske ya saɓa wa wannan tsari tun daga tushe. Kai ɗaya yake shiga. Wanda ya ɗaura shi ba ya ganin abokansa, su kuma abin da suke gani shi ne mutum yana dukan iska. Ana iya tura hoton zuwa talabijin don ƴan kallo, amma a nan an koma ga talabijin ɗin da aka ce zamaninta ya wuce. Yana bukatar fili na mita biyu tsawo da biyu faɗi wanda babu kowa a ciki, filin da a rumfa zai ɗauki benci biyu cike da yara. Mai rumfa zai karɓi kuɗin mutum ɗaya a inda da yake karɓar na biyu, kuma bayan awa biyu ya tsaya jiran caji ko ya sayi ƙarin batir. Makon farko jama'a za su yi layi don gani ya kori ji. Abin tambaya shi ne wata na uku, lokacin da ɗokin ya kwanta.

Tarihin ƙasarmu ya riga ya koya mana wannan darasi. A 1962 aka kafa ƙungiyar Rediyo-Kulob ta Nijar. Akwatin rediyo ɗaya ne a gari, jama'a su taru da dare su saurara, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a aika gidan rediyo. A 1964 aka fara talabijin na makaranta a Yamai da taimakon Faransa. Masana daga ƙasashe da dama sun yaba da shi, don an shirya darussan a nan gida saboda yaran ƙasa. Duk da haka bai taɓa isa yawancin makarantunmu ba, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 aka dakatar da shi. Tsadar kaya da wuyar kula da su suna cikin dalilan. Da Tele-Sahel ta fara aiki a 1979, hanyar da talabijin ta bi ta shiga karkara ita ce ta wuraren kallon jama'a, akwati ɗaya mai aiki da hasken rana, gari guda a gabansa. Daga baya gidajen kallon finafinan Kano da na ƙwallon Turai suka gaje su. Abin da ya kama ƙasa a nan shi ne wanda mutane da yawa za su iya mora tare, wanda kuma ake iya gyarawa kusa.

Mai karatu zai iya cewa: ai haka aka faɗa game da wayar salula, aka ce ta masu kuɗi ce, ga ta yau a aljihun mai sayar da rake. Wannan magana ce mai nauyi, ta cancanci amsa. Waya ta zo ta tarar da bukata tana jiran ta. Uwa tana son jin muryar ɗanta da ya tafi cirani Kano ko Libiya ko Aljeriya, ɗan kasuwa yana son sanin farashin gyaɗa da wake kafin ya yi lodi. Waya ɗaya tana yi wa gida guda aiki. Masu caji sun buɗe rumfuna, masu gyara sun koyi sana'a a kasuwar Farm Centre ta Kano da kasuwar Dole ta Damagaram. Wasan bidiyo ya samu shiga aljihun yaro ne a bayan wannan bukata, kamar ɗan rakiya. Tabaran kamar-gaske bai nuna mana irin wannan bukata ba tukuna. Ranar da muka ga na-hannu sun cika kasuwa da araha, muka ga yaranmu suna kwance shi suna gyarawa, muka kuma ga wasan da ke haɗa mai tabarau da abokansa na kan benci, a ranar za mu sake auna maganar. Kafin nan, makomar wasan bidiyo a Matameye tana cikin waya da kuma talabijin ɗin rumfa.

Wannan ba ya nufin a rufe ƙofa. Inda fasahar ta fi nuna amfani shi ne wurin koyon aiki mai haɗari ko mai tsada. Ana horar da matuƙa jirgin sama da likitocin fiɗa da masu walda da ita, su yi kuskure sau ɗari ba wanda ya ji rauni. A Damagaram akwai jami'a, akwai makarantar horon malamai, akwai ta ma'aikatan lafiya. In za a gwada, can ya dace a fara, da ƴan na'urori kaɗan, a ɗaki mai wuta da rufi, ƙarƙashin malamin da aka horar, a kuma rubuta sakamakon bayan shekara a bayyana wa jama'a.

Akwai kuma maganar abin da ke cikin tabaran, wadda ta fi maganar tabaran kansa muhimmanci. Ƴan Afirka sun nuna za su iya. A Legas, Judith Okonkwo ta buɗe cibiyar Imisi 3D a 2016 don koya wa matasa wannan sana'a. A 2019 Joel Kachi Benson na Najeriya ya ci lambar yabo a bikin finafinai na Banis, a Italiya, da wani fim na kamar-gaske a kan iyayen ƴan matan Chibok. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fito da wasan kwamfuta mai suna Aurion a 2016, wanda aka gina bisa al'adun Afirka. Mu ma muna da abin nunawa: fadar Sarkin Damagaram da unguwar Birni, masallacin Agadas da ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013, gawon da manoman Matameye da Magarya da Mirya suka raya a gonakinsu har duniya ta zo koyo. Saurayin da ya koyi tsara wasan dara ko na kokawa a waya, da harshen Hausa, ya fi amfanar ƙasa da wanda ya kashe jarinsa wajen sayen mafarkin wasu. Ilimin da ake tsara wasan waya da shi kuwa shi ne harsashin na tabarau, in lokacinsa ya yi.

Saboda haka muna kira ga ɓangarori uku.

Ga iyaye: ku sani Sony ya ce tabaransa ba na yaran da ba su kai shekara 12 ba ne, Meta kuma, ko da ya sassauta a 2023, bai yarda da wanda bai kai 10 ba. Yaron da ya ce yana jin jiri a cire masa nan da nan. Ku kuma lura da wasan da ya riga ya shigo gida ta waya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shaƙuwa da wasan bidiyo har ya hana mutum harkokinsa cikin jerin cututtuka. Alamar ita ce yaro ya bar barci da karatu da aikin gona saboda wasa. A yanka masa lokaci, a kuma san rumfar da yake zuwa.

Ga samari masu jari: kada ku yi cinikin biri a sama. Kafin ku ba da kuɗi ku tambayi inda ake gyara, da yadda ake sayen wasanni, da awa nawa batir ke yi. Talabijin ta biyu da allon hasken rana za su fi saurin mai da muku da kuɗinku.

Ga magabata, tun daga magajin gari har ma'aikatun Yamai: duk wanda ya zo da tayin cika gidan samari ko makaranta da waɗannan na'urori, a tambaye shi wa zai gyara su bayan shekara biyu, da wane harshe suke magana, kuma yara nawa za su amfana a yini guda. In amsar ba ta gamsar ba, kuɗin ya tafi ga wuta da benci da kwamfutar da ajin gaba ɗaya zai koyi aiki da ita. Mun sha ganin kayan zamani sun iso da kiɗa da jawabi, sun ƙare a cikin sito ƙura ta rufe su. Dukiyar talakawa ba ta kai yawan da za a maimaita wannan ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba shugabanninmu basirar bambanta abin da ke da amfani da abin da ke da ƙyalli. Amin.